Inno Ba Ta Jin Ƙishirwa

Litinin, 11 ga Afrilu 1977, bayan la'asar

An kawo Inno, mahaifiyata, daga ƙauye yau da hantsi. Mijina, wanda kowa a Kazaure ke kira Injiniya har ni ma na bi sahu, shi ya aika Landiroba har bayan Gwiwa aka ɗauko ta. Likita ya ce ciwon a ƙoda yake, kuma bai yi nisa ba. Allura kullum da safe har wata guda, sai kuma ruwa. Ba'indiye ne, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba, amma wannan kam ya faɗe ta sarai: "Mama, sha ruwa. Sha, sha, sha." Ta ƙi gadon asibiti, don haka tana nan wurinmu a sabon kwatas.

Injiniya ya sa an tada janareto da rana tsaka don ya zagaya da ita gidan. Ya buɗe firji ya sa ta taɓa ƙanƙara. Ya kunna fanka ya kashe. Ya nuna mata talabijin. Daga ƙarshe ya tura ƙofar bayan gida, ya ja sarƙa don ta ga yadda ruwa ke zubowa. Inno ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi ya ɗauka mamaki ne.

Talata, 12 ga Afrilu, da azahar

Gidan nan shi ya duba zanensa, shi ya sa hannu aka gina, don haka ba a kushe shi a gabansa. A nan zan kushe shi.

Babu zaure, babu tsakar gida, babu katanga. Waya aka ja ta ƙaya, wadda ke tsare akuya amma ba ta tsare ido. Maƙwabciyata Fanna ta san launin duk abin da na shanya. Rufin kwano ne, tagogin gilas ne, wato an gina mana tanda sannan aka sayar mana da fanka. Ɗakunan kwana suna hagu, kicin da ƙofar baya suna dama, falo a tsakiya. Ƙofar bayan gida kuwa falo take kallo, dab da talabijin. Duk mai shiga sai ya gifta tsakanin masu kallo da abin kallonsu, in ya gama kuma sarƙa ta sanar da unguwa.

Akwai ɗakin boyi a baya, inda aka ce za a haƙa masai irin na mutane. Ɗan kwangila ya kai ginin iya taga, ya tafi aikin Hajji. Janareto ke zaune a ciki.

Na yi shekara uku a jami'a a Zariya ina karanta yadda mutane ke gina muhalli daidai da ƙasarsu. Yanzu ina koya wa 'yan mata haka da safe, in dawo nan da rana in gasu.

Alhamis, 14 ga Afrilu, da yamma

Injiniya ya ɗauki hutun wata guda. Saboda Inno.

Mahaifiyarsa Ya Kura ta rasu a Babura yana can Ingila yana karatu, labari bai same shi ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Ya ce da ni, "Shatu, wannan karon ina nan. Ko ƙofa ba zan fita ba." Idonsa ya yi ja da ya faɗa. Me zan ce? Na ce Allah ya ba da lada.

Ya jawo kujerarsa ya kafa ta inda zai riƙa ganin ƙofar ɗakin Inno, ko za ta buƙaci wani abu.

Asabar, 16 ga Afrilu, da hantsi

Kofin da na ajiye mata jiya yana nan a cike. Ta ce ba ta jin ƙishirwa. Ba ni ta gaya wa ba, bango ta gaya wa. Ni 'yar fari ce, tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dubana a ido ba. A ƙauye wannan bai taɓa damuna ba, akwai goggonni da ke isar da saƙo. A nan daga ni sai ita sai bango.

Lahadi, 17 ga Afrilu, bayan isha'i

Kowace magariba abokansa biyu suna zuwa, Daudu na ofishin gona da Kaumi ɗan garinsu. A tada janareto, gida ya ɗauki rawa, warin man ya cika ɗakuna. Daudu ya hau tsani ya riƙa murɗa eriya yana tambaya ta taga ko ya yi, su kuma suna amsa masa bai yi ba, ya yi, a'a ya tafi. Hoton kamar an watsa gero a faranti. A cikin geron wasu ƙattin Turawa sanye da kamfai suna kokawar ƙarya, manyan ma'aikata uku kuma sun buɗe baki suna kallo.

Da can Kaumi mai labari ne. Na san shi yana iya riƙe mutane tun daga magariba har a yi hamma. Yanzu in ya buɗe baki sai a ce masa ya bari a ji. Abin da ake ji ɗin tallan sabulu ne.

Injiniya ya sa wa Inno kujera mai laushi a gaba, ya je ƙofarta har sau biyu yana roƙo ta fito ta sha kallo. Ba ta fito ba. Suruka ba ta zama inda surukinta yake, ba ta cin abinci a gabansa, ko tari ba ta so ya ji ta yi. Ya san haka. A Babura aka haife shi, ba a Landan ba. Amma ya yanke wa kansa cewa wannan duk tsohon yayi ne, kuma alheri yake yi mata da zai yaye mata shi.

Talata, 19 ga Afrilu, da safe

Likita ya ce a riƙa lura da yawan fitsarinta. Da ni ya kamata ya yi maganar, amma ya ga mai taye, sai ya yi da shi. Yau da asuba ina kicin na ji Injiniya ya tsaya a ƙofarta, ya yi gaisuwa yadda ta dace, har da rusunawa, sannan ya ce, "Inno, an samu yin fitsari kuwa jiya? Kamar sau nawa?"

Cokali ya faɗi daga hannuna.

Laraba, 20 ga Afrilu, da azahar

Na ce ko ruwan firji ne ba ta so. Ni ma ba na sonsa, yana kashe haƙori ba ya kashe ƙishirwa. Na aika kasuwa an sayo randa da moɗa, na turara ta, na sa a ɗakinta. Injiniya ya ga ana shigowa da ita ya yi dariya, ya ce Malama ta koma ƙauye. Shi kuma ya sayo katan biyu na lemon kwalba.

Ba ta taɓa randar ba. Lemon, Daudu da Kaumi suna taimakawa.

Juma'a, 22 ga Afrilu, da rana

Ba ta jin ƙishirwa. A wannan zafin da kwalta ke narkewa.

Asabar, 23 ga Afrilu, da yamma

Fanna ta shigo duba mara lafiya da gashin doki a ka da rikoda a hannu. Ba ta kashe ta ba ko da ta zauna. Tun da kuɗin man fetur ya shigo, duk wanda aka ƙara wa albashi sai ya sayi abin da zai yi ƙara: babur, rediyo, rikoda, injin. Ban ga wanda ya sayi shiru ba, wataƙila ba a shigo da shi ba tukuna. Ta ce Inno ta yi sa'ar suruki, ita mijinta ko sannu bai iya ba. Ta ƙara da cewa yaranta sun daina cin tuwo, sai burodi da kifin gwangwani, ta faɗi haka kamar mai ba da labarin sun sauke Alƙur'ani.

Inno ta rame. Leɓenta ya tsage. Tuwo ma loma biyu take yi ta ture.

Lahadi, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Saude ta zo. Autarmu ce, ta baro mijinta da yara a Roni ta hau motar kasuwa. Ita Inno ke yi wa magana kamar ƙawa. Ta shiga ɗakin, ba ta daɗe ba ta fito ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Adda, wai ke da karatunki ba ki gane ba?"

Na ce ta faɗi abin da ke bakinta.

"In ta sha, ina za ta kai shi? Ta ratsa ta gaban surukinta da buta a hannu? Ta hau kan tangaran yana jin ta? Tun ranar da ya fara hutun nan take ƙididdige abin da ke shiga cikinta."

Ta ce Inno kan jira sai ya shiga wanka ko ya kai goshi ƙasa a salla, ta lallaɓa, wani lokaci ta iske ya fito, ta koma. Kwanakin farko da yake zuwa ofis ba ta da damuwa. Ta ce kuma abin zaman kansa Inno ba ta yarda da shi ba, fari fat kamar kwanon da ake zuba wa baƙo abinci, ga gwiwa ba ta barin ta ta hau ta tsuguna.

Na gane. Tun ranar sarƙa na gane, in dai gaskiya ake so. Abin da ban samu ba shi ne bakin da zan faɗa da shi, da kunnen da zan faɗa wa.

Litinin, 25 ga Afrilu, da azahar

Ba zan iya gaya masa ba. In na gaya masa, na tsiraita ta a gabansa, abin da take kashe kanta don kada ya faru. Don haka na bi ta gefe. Na ce ofis na nemansa, ya ce ya bar wa mataimakinsa. Na ce ya daɗe bai gaida mahaifinsa Baba Kura a Babura ba, ya tafi bayan karin kumallo ya dawo kafin azahar, wai hankalinsa bai kwanta ba. Na ce a mayar da talabijin ɗakinmu, ya ce wayar eriya ba za ta kai ba, kuma ina baƙi za su zauna.

Mutumin kirki ne. Na rubuta wannan don in riƙa tunawa.

Talata, 26 ga Afrilu, da hantsi

Saude ta shawo kanta ta yarda da fo. Da safe Saude ta rufe shi da tsumma ta fito za ta zubar. Injiniya ya yi zumbur ya miƙe ya buɗe mata ƙofa, ya ce ta ɗan tsaya ya ga launinsa, likita zai tambaya. Saude ta ce, "Yaya Injiniya, wannan ba siminti ba ne, matsa." Ya yi dariya ya matsa. Amma ƙofar Inno a buɗe take.

An gama da fo.

Talata, da yamma

Na shiga na zauna a bakin gadonta, abin da ban taɓa yi ba. Na dube ta na ce, Inno, wannan kunyar za ta kashe ki, kuma shi bai ma san kina yi ba. Ta juya ga Saude.

"Tambayi waccan ta boko, in na warke da wane ido zan dube shi."

Na fito. Na ji haushinta kamar in fasa randar. Na ji haushin duk tsofaffin da suka koya mata cewa mace ta gari ba ta da ciki, ba ta da mafitsara, iska take ci. Na ji haushin wanda ya zana gidan nan a wata ƙasa mai sanyi don mutanen da ba su da surukai. Na tsaya a falo tsakanin su biyun, talabijin na tallan madarar gwangwani.

Alhamis, 28 ga Afrilu, da safe

Janareto ya mutu jiya. Allah ya ji ƙan wanda ya ƙera shi da rauni. Injiniya ya ce dole ya je Kano neman kayan gyara, zai kwana uku, ya ba ni haƙuri kamar zai tafi yaƙi.

Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Saude ta tafi ta zo da Haladu, mai haƙar rijiya ɗan Roni da ke aiki a cikin gari, da abokin aikinsa. Na nuna musu bayan ɗakin boyi, inda ba a hange daga falo. Haladu ya tambaya ko mai gida ya sani. Na ce mai gida injiniya ne. Ya ɗauka amsa ce.

Juma'a, 29 ga Afrilu, bayan la'asar

An gama. Rami, itace, ƙasa a kai, bakin tulu a tsakiya, zana uku a kewaye. Buta na can ciki, ba sai an ɗauka a hannu ba. Mutum ya fita ta kicin kamar mai shan iska.

Ba wanda ya ce da Inno komai. Saude ta wuce ta ƙofarta tana cewa, ita kaɗai, an kafa zana a baya.

Asabar, 30 ga Afrilu, da hantsi

Moɗa uku. Da kunun tsamiya.

Asabar, da magariba

Babu wuta, babu ƙara. Mun shimfiɗa tabarma a falo mu uku, da fitilar ƙwai. Inno ta fito da kanta. Ta ba Saude labarin wata saniyarta mai taurin kai da ta taɓa bin ta har cikin kasuwa, ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Da ta ga ina dariya sai ta gyara fuska. Na ji kukan kwaɗi daga wajen dam, ban san ana jinsu daga nan ba.

Lahadi, 1 ga Mayu, da yamma

Ya dawo. Kafin ya sauke kaya mijin Fanna ya tare shi a bakin waya ya tambaye shi ko sabon tsari ne aka fito da shi daga ofis, masai na zana a gidan gwamnati.

Ya kira ni ɗaki. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya ce shi ke sa hannu a rushe irin wannan a gidajen mutane, yanzu da wane baki zai yi magana. Ya ce in gaya masa me ya rasa a gidan nan da zan mai da shi abin dariya. Ya ce, ya ce. Na gaji. Na gaya masa. Duka, tun daga sarƙa.

Ya zauna a bakin gado. Can ya ce, "Ni ne ke nan." Na ce ba wanda ya ce kai ne. Na roƙe shi abu ɗaya: ya yi kamar bai sani ba. Kada ya dubi wajen, kada ya ambata, ya koma ofis gobe. Ya gyaɗa kai. Na ɗauka ya ji.

Litinin, 2 ga Mayu, da azahar

Na dawo daga makaranta na iske tifa a ƙofar gida. Yashi, bulo, buhunan siminti, magina shida. An cire zana an jingine.

Ya ce ba zai yiwu mahaifiyar matarsa ta tsuguna a kan itace da ƙasa ba, in ya rufta fa? Zai yi mata na gaske. Daɓen siminti, bututun fitar da wari, rufin kwano, ƙofa mai sakata. Fuskarsa na haske. Ya samu abin da zai yi da hannunsa, ya daina jin ciwon jiya.

Na tambaye shi yau fa, ina za ta je. Ya ce siminti na son kwana uku ya kama.

Talata, 3 ga Mayu, da rana

Magina suna waƙa a bayan tagarta. Ɗaya ya tambayi Saude ko tsohuwar doguwa ce, don su san inda za su sa mariƙin hannu.

Randa a cike.

Alhamis, 5 ga Mayu, bayan la'asar

An shafa farin fenti. An ja waya an sa ƙwan lantarki a ciki da waje. An jera duwatsu daga ƙofar kicin har bakin wurin, su ma an shafa musu fari, kamar hanyar da gwamna zai bi. Ko makaho ya zo kwatas ɗin nan zai san inda Inno ke zuwa da lokacin da ta je. Daudu ya zagaya shi ya ƙwanƙwasa bango, ya ce wannan ya kamata a kai shi ƙauyuka a matsayin abin koyi. Fanna ta aiko yara su gani.

Likita ya ga Inno da safe, bai yi murmushi ba. Ya ce a kwantar da ita a yi mata ƙarin ruwa. Ta ji an ce a asibiti ma'aikata ke kawo tasa har gado, maza da mata. Ta miƙe ta nufi mota.

Alhamis, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, ba zan ƙara komai ba.

An gyara janareto. Daudu da Kaumi suna falo. Injiniya ya rage muryar talabijin, ya cire takalmi, ya je ƙofar Inno ya durƙusa har ƙasa. Ya ce:

"Inno, ki gafarce ni. Ban san ni na hana ki zagayawa ba, sai da Shatu ta gaya mini. Wallahi da na sani da ban zauna ba. Ga shi na gina miki naki, ba mai shiga sai ke. Ki sha ruwa, ki je ko sau nawa ne, ba mai kallon ki."

Ya tura ɗan makulli ta ƙarƙashin labule. Hawaye yake yi. Kaumi ya sunkuyar da kai, shi kam ya gane. Daudu ya ce madalla.

Sai da Shatu ta gaya mini.

Juma'a, 6 ga Mayu, da hantsi

Ta tafi. Da aka idar da sallar asuba ta ɗaura ƙullinta ta fita ta kicin, ta bi gefen fararen duwatsun ba ta taka tsakaninsu ba, Saude na biye da ita. A tasha na same su. Ta zauna a bayan a-kori-kura tsakanin buhunan gishiri. Makullin yana kan gado.

Injiniya ya ce a bi ta da Landiroba a dawo da ita. Na ce in ya tada motar nan zan kwanta a gabanta. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Na karɓi sauran allurai a wurin likita, na rubuta wa shugabar makaranta takarda, na bi motar rana.

Lahadi, 8 ga Mayu, da yamma, a ƙauye

Tana sha. Ruwa, fura, kindirmo, duk abin da aka miƙa. Tana zagayawa bayan danga ba wanda ya san ta tashi. Wani ma'aikacin ɗakin magani yana zuwa daga Gwiwa a kan keke ya yi mata allura.

Ba ta yi mini magana, ko ta bakin Saude. Da can ni waccan ce. Yanzu ko waccan babu.

Ba zan yi ƙarya in ce nan aljanna ce ba. Ƙuda, rijiya ta kusa ƙafewa, matan gidan nan suna tafiya mai nisa kafin su cika tulu. Ɗan Kawu Sama'ilu ya sayar da ɗan maraƙi ya sayo rediyo, yana rataye da ita har wurin kiwo. Kowa na tambayata yaushe za a kawo musu lantarki, kamar a jakata yake.

Laraba, 11 ga Mayu, da safe

Ƙafafunta sun kumbura. Tana sha, amma ba ya fita. Saude ce ta gaya mini, ita ma a kunne.

Alhamis, 12 ga Mayu, da azahar

Mai allura ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a koma Kazaure ko a wuce Kano. Kawu Sama'ilu, yayanta, ya shiga ya yi mata magana. Ta ce ta riga ta je birni ta gani.

Injiniya ya aiko direba da katan na lemo, da ƙanƙara a cikin buhu wadda ta zama ruwa tun a hanya, da saƙon cewa mota na nan ko da wane lokaci. Yara sun sha lemon. Direba ya kwana biyu a gindin tsamiya ya koma.

Asabar, 14 ga Mayu

Fuskar ma ta kumbura.

Litinin, 16 ga Mayu, da la'asar

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Maza suna ta duban sama, an gama sharar gona. Na zauna a ƙofar ɗakinta daga waje ina yi mata fifita ta cikin asabari. Ba ta hana ba. Wataƙila ba ta san ni ce ba.

Laraba, 18 ga Mayu

An kai ta makwancinta bayan azahar.

Juma'a, 20 ga Mayu, da yamma

Yau uku. Mata sun cika gida, daga Roni, daga Gwiwa, har da Fanna da ta zo a motar kwatas, ba rikoda. Labari ya riga ni isowa nan. Kowace ta gama yi mini gaisuwa sai ta ƙara da cewa Inno ta yi dacen suruki, an ce hutu ya ɗauka don jinyarta, an ce har makewayi ya gina mata na siminti, da lantarki a ciki. Wata tsohuwa ta ce ita ko ɗan cikinta bai yi mata haka ba. Na ce Allah ya saka masa. Na faɗa ya fi sau ashirin, bakina ya saba.

Injiniya yana waje tare da maza tun ranar Laraba, a kan tabarma, ba taye, ya yi zuru-zuru. Kawu Sama'ilu ya ce bai taɓa ganin suruki ya yi kuka haka ba. Na yarda. Kukan gaske ne. Injiniya ya aiko a tambaye ni yaushe zan koma, makaranta na jira, gida ba daɗi. Ban ba da amsa ba tukuna.

Rana ta yi zafi, na cika ƙwarya da ruwan randar Inno na ba Saude ta kai masa. Ta dawo da ita babu ko ɗigo. Ta ce ya shanye a tashi ɗaya ya nemi ƙari, ta ƙaro masa. Can da ta je ɗaukar ƙwaryar sai ya kira ta, a gaban Kawu da liman da duk dattawan garin, ya tambaye ta ina ne makewayi.